'Yan Kunnen da Ma'azu Ya Naɗa

Ni ne mai laifi, ba Ma'azu ba. Na fara da wannan don kada wani ya zaci zan wanke kaina a ƙarshe. Yaro ne ni a lokacin, gaskiya ne, amma na san abin da nake yi, kuma na girma har furfura ta fito mini ban buɗe baki ba.

A Cadawa muka tashi, a gidan kakarmu Hure, uwar mahaifina. Sana'arta 'yan kunne masu geza. Ranar kasuwa take sayen ƙananan duwatsu wajen 'yan koli, ja da shuɗi da ruwan ƙwai, ta jera su a zare sili-sili, ta haɗa kawunan silin wuri ɗaya, sannan ta naɗe wuyan da wayar tagulla. Wayar kuwa daga cikin matattun rediyo ake zaro mata ita, wajen wani mai gyara a bakin tasha. Irin wannan waya tauri gare ta, sai an gasa ta take laushi. Don haka bayan sallar isha, idan aka hura wuta a tsakar gida, sai Kaka ta tura ƙullin waya cikin garwashi da tsinke, ta gyara zama, ta ce, "Ga ta nan tafe, ku matsa mata." Mu kuma mu amsa, "Ta shigo, akwai tabarma." Tatsuniya ɗaya ce ma'aunin gashin. In labari ya ƙare, waya ta gasu. A jawo ta ta huce, a goge ta da toka da tsamiya har ta yi ja tana ƙyalli.

Duk jikokin gidan muna kewaye wutar, amma wuri ɗaya ake faɗa a kansa: gefen damanta, inda ƙoƙon duwatsu yake. Idonta ya fara rauni, saboda haka mai wannan wuri shi ke zaɓo mata launi, shi ke riƙe ƙusar da ake lanƙwasa waya a kanta don a fitar da ɗan idon da ƙugiya za ta shiga. Shi take kira angonta, shi ke cin ƙanzon tukunyarta. Ni ne angon, kuma ban taɓa tunanin za a sake ni ba.

Sai aka kawo Ma'azu daga Gangara. Ɗan gwaggona ne, ubansa ya rasu, uwarsa ta ba mahaifina riƙonsa. Taubashina ne ke nan, don haka tun ranar da ya iso na fara zolayarsa da baƙauye. Ba ya ramawa sosai, sai dai ya yi murmushi. Wata rana ana cikin tatsuniya ya tsinci guntun waya da na yar, yana sauraro yana murɗa shi a jikin kara, ko kallon hannunsa ba ya yi. Da aka tashi Kaka ta taka abin, ta ɗauka, ta shafa da babban yatsa.

"Wa ya naɗa wanga?"

"Ni ne, Kaka," in ji Ma'azu, kamar wanda aka kama da sata.

"Lawali, zo ka taɓa. Ina wutsiyar?"

Na taɓa, babu wutsiya. Idan aka gama naɗi, dole a cusa ƙarshen wayar ƙarƙashin zagaye, don kada ya karce wuyan mace. Kaka ta daɗe tana koya mini, nawa kullum sai ya fito. Shi ba wanda ya koya masa.

"Naka kullum kamar ƙarangiya," ta ce. "To, na yi sabon ango. Kai tsohon miji, matsa can wajen hayaƙi, ka ji?"

Kowa ya fashe da dariya. Wasan kaka da jika ne, ni ma na sani. Amma na koma wajen hayaƙin, na zauna idona yana ruwa, kowa yana cewa hayaƙi ne. Daga ranar na daina jin tatsuniya. Hannun Ma'azu kawai nake kallo ta cikin wutar, yadda zagayensa ke kwanciya ɗaya kusa da ɗaya babu rata. Ina ganin yadda Kaka ke dafa kansa idan labari ya zo wurin dariya. Na koma bayan rumbu ina gwadawa a ɓoye, na huda yatsuna sun fi a ƙirga, nawa dai a karkace yake fita kamar hanyar awaki. Har addu'a na yi Allah ya sa gwaggo ta zo ta ɗauke ɗanta.

Ana nan matar malamin makarantarmu ta boko, wanda muke kira mushe, ta haihu, ta aiko a yi mata 'yan kunnen ranar suna, shuɗi da fari, masu geza har kafaɗa. Kaka ta jera duwatsun, ta ce naɗin duka Ma'azu zai yi. Ya yi kuwa, kuma ko ni da nake ƙinsa na san ban taɓa ganin masu kyansu a gidan ba. Ta sa su a gwangwanin madara ta ajiye ƙarƙashin gado.

Ita da kanta ta taɓa gaya mini cewa ba a lanƙwasa waya gaba da baya a wuri ɗaya, don tana gajiya ta karye. Da safen da kowa ya tafi cirar gyaɗa, na ce cikina yana ciwo. Na shiga ɗakinta na buɗe gwangwanin. Na ɗauko ɗaya, na kama wuyan ɗan idon na yi ta kai shi ina komo da shi, har na ji wayar ta yi ɗumi ta sandare a yatsana. Na tsaya kafin ta rabu. Na yi wa ɗayan haka, na miƙe su, na shafa toka, na mayar.

Ban ga abin da ya faru ranar suna ba, labari muka ji. Matar mushe ta sunkuya za ta ɗauko jariri ta nuna wa mata, ɗan kunnen hagu ya tsinke, naɗin ya saki, duwatsu suka watse a tabarma, wasu har cikin ƙwaryar fura. Ta kai hannu ga na dama, shi ma ya zo mata a tafin hannu. Washegari ta shigo gidanmu da ragowar a ƙulle a bakin zane.

"Iya, ni za a ba aikin yara? Gaban dangin mijina da suka taso tun daga Gazawa? Har yanzu suna tsintar duwatsu suna mini dariya!"

Mahaifina yana gida, ya ji komai. Ya kira Ma'azu gaban kowa ya ce kada ya ƙara ganinsa da waya, daga yau awaki ne aikinsa.

"Kawu, na naɗa da kyau," in ji Ma'azu.

"Rufe mini baki. Ga kyau nan a ƙulle a zane."

Da aka hura wuta a ranar, Kaka ta daɗe tana juya karyayyar wayar a hannunta. Ta shafa bakin karayar da yatsa, ta taɓa shi da harshe. Sannan ta ce, "Angona, taho nan." Ma'azu yana can nesa jikin bango. Ya ce, "A'a Kaka, hannuna ba shi da kyau." Sai ni na sulala na zauna gefen ƙoƙon. Ba ta kore ni ba, ba ta kuma kira ni ango ba. Ta tura waya cikin garwashi ta fara.

Ta ce wai akwai wasu 'yan'uwa biyu masu tufkar igiyar rijiya. Igiyar ƙanin ta fi ta wan ƙarfi, kowa tasa yake nema. Sai wan ya sa wuƙa ya yanke sili ɗaya a tsakiyar igiyar ƙaninsa, ya mayar da tufka ya rufe. Da mata suka zo ɗiban ruwa igiya ta tsinke, guga ya faɗa rijiya, aka hana ƙanin tufka. Wan ya samu kasuwa shi kaɗai. To amma duk lokacin da ya leƙa rijiya, sai ya ji guga daga ƙasa yana cewa, a nan Kaka ta sirantar da murya, "Mai wuƙa, mai wuƙa, yaushe za ka fisshe ni?" Ba mai ji sai shi. Ya koma wata rijiya, ya tarar da muryar a can. Ya bar garin ma, ya tarar da ita ta riga shi, don ruwan ƙasa duk a haɗe yake.

Nan ta tsaya. Ƙanwata ta ce, "Kaka, sai mi? Ya faɗi?"

"Ni ma jira nike," in ji ta. Ta jawo wayar daga wuta, ba ta rufe tatsuniyar ba.

Na san da ni take. Na sunkuyar da kai na ci gaba da zaɓen duwatsu. Abin kunya, ko a wannan lokacin abin da ya fi ci mini rai shi ne ta yi wa Ma'azu tatsuniya sukutum, ni ba ta taɓa yi mini ba.

Bayan girbi gwaggo ta zo ta koma da shi Gangara. Na riƙe wurina har Kaka ta rasu, ban kuma iya ɓoye wutsiya ba har yau. Ba ta taɓa tambayata ba, ba ta gaya wa mahaifina ba. Wataƙila ba ta da tabbas, wataƙila so take ya fito daga bakina. Ni dai na ɗauki tatsuniyar a matsayin hukuncina, ina ganin tunda abin yana damuna, to na biya.

Bara na je Gangara gaisuwar salla. Ma'azu manomi ne yanzu, yana ɗan sayar da awaki ranar kasuwa. Muna zaune a inuwa, ɗiyarsa Balki tana gefe da wayar salula tana kallon yadda ake 'yan kunne masu geza, ga duwatsu a faranti, ga ɗan hantsaki. Naɗin yana ta kuɓuce mata. Ta ce, "Baba, don Allah naɗa mini wanga."

Ya janye hannunsa yana dariya. "Kai wa baffanki Lawali, shi Kaka ta koya wa. Ni hannuna kashe waya yake. Tun ina yaro aka gwada ni."

Babu ɗaci a muryarsa. Ya faɗa ne kamar mai faɗin sunan garinsu. Ashe duk shekarun nan ina jin tausayin kaina da muryar guga, ban taɓa tambayar abin da ya samu ƙanin ba. Shi ba ya jin kowace murya. Ya yarda kawai igiyarsa ce ba ta da kyau, ya tafi da wannan har ya tsufa, har yana koya wa ɗiyarsa.

Na ce ya zo mu ga awaki. A bayan gida na fara gaya masa. Ban kai rabi ba ya kwashe da dariya.

"Kai ɗan kawu, ka ci tuwona ka ƙoshi, yanzu kuma wace ƙarya ka ƙullo?"

Wahalar taubashi ke nan, duk abin da ka faɗa wasa ne. Na cire hulata, na durƙusa nan kan turɓayar turke. Dariyar ta tsaya.

Na ce, "Ma'azu, yau ba wasa tsakaninmu. 'Yan kunnen matar mushe, ni na shiga ɗakin Kaka na lanƙwasa wayar har ta gaji. Naɗinka ba shi da aibi ko ɗaya, ban taɓa ganin hannu irin naka ba, shi ya sa na yi. Ina tsaye Baba ya ci maka mutunci, na yi shiru, na zauna wurinka. Na cuce ka. Ka yafe mini don Allah, in kuma ba za ka iya yau ba, ba ni da bakin cewa komai."