Ranar da Issoufou Ya Kulle Mota

Idan jirgin ruwa ya tsaya a Owendo yana jiran lodin katako, ma'aikatansa sukan samu kwanaki a banza, ba aiki ba tafiya. Waɗannan kwanakin su ne gonar Issoufou. Mutumin Maradi ne, ya zo Libreville yana saurayi, ya yi yaron mota, ya yi taksi, har ya gano cewa baƙon da ya gaji da kallon ƙarfen jirgi ya fi fasinjan unguwar Louis daɗin sha'ani. Italiyawa ne manyan baƙinsa.

Kafin su gama gaisuwa ya tsara musu komai. Masu yini guda, cocin Nkembo mai ginshiƙan icce sassaƙaƙƙu da safe, sai kasuwar masu sassaƙa, sai gasasshen kifi. Masu sarari, Cap Estérias, can bakin teku bayan an ratsa daji. Ya san hanyar da ruwa ke tarewa, ya san inda 'yan sanda ke laɓewa, ya san Ba'italiye in ya zauna cin abinci ba ya tashi da wuri.

Doka ɗaya ya gada daga ubangidansa na farko, Hammadi: direba ba ya barin mota. Jakunkunan baƙi na ciki, ɓarayi na waje. Saboda haka duk inda ya kai mutane, sai ya nuna musu ƙofa, ya kwantar da kujera, ya rufe fuska da hula, kunnensa na kan motar. A haka furfura ta cim masa, baya ya fara ciwo, barci bai taɓa isarsa ba.

Matarsa Madina waina take soyawa a unguwar Akébé. Bana gwiwa ta ƙi, hayaƙi ya cinye mata ido, aka yanke za ta koma Maradi wurin 'yarsu Mariam, komawa ta dindindin. An sayi biye, wato tikitin tafiya, an ɗaure walis ɗin kayanta, ta ba maƙwabciya tandarta. Sai ta tsinci kanta da kwanaki a banza, irin na ma'aikatan jirgi.

"Baban Mariam," ta ce, "ka kai ni inda kake kai Italiyawanka. Kada a tambaye ni teku a gida in ce ta tagar mota na gan shi."

"Gobe, in Allah ya so."

Goben sai wani jirgi ya shigo. Jibi ma haka. Madina ta daina tambaya, shirun nan kuwa ya fi tambayar damunsa. Ana gobe za ta tashi, Aliou dillalin da ke haɗa shi da baƙi ya kira shi: ga mutane sun shirya. Issoufou ya dubi walis ɗin da ke bakin ƙofa, ya ce motar ta ɗauki wata baƙuwa.

A hanya baki ya buɗe. Ya yi wa Madina bayanin dajin, da itatuwan da ake kai wa Turai, da duk abin da ya saba zuba wa baƙi. Da suka isa Cap Estérias ya faka a gurbinsa na kullum, gindin wata kwakwa, ya kashe mota. Hannunsa da kansa ya kai ga kwantar da kujera.

"To, ta ina ake sauka?" in ji Madina.

Ya duba dama, ya duba hagu. Hanyoyi ne 'yan sirara sun shige cikin ciyawa. Shekara da shekaru yana ganin bayan mutane suna ɓacewa a nan, bai taɓa lura da wadda suke bi ba.

"Ta can... ko ta nan."

"Kai da kake ba Turawa labari?"

"Ni mota nake tsaro."

"Mi ke cikinta yau? Butarka?"

Ya fito, ya kulle, ya ja kowace ƙofa ya tabbatar, ya sake zagayawa. Hanyar da ya zaɓa ta kai su bayan rumfar wasu mata masu ƙyafe kifi. Madina ta yi dariya har da tari: ta gudo wa hayaƙi, ya kawo ta hayaƙi. Matan suka nuna musu ta gefe, tana dafe da kafaɗarsa saboda gwiwa, har yashi ya buɗe, ga ruwa ba iyaka.

Ta tsaya tana kallon ruwan. Shi kuwa waiwaye yake ta yi.

"Ba ni makullin."

Ya ba ta. Ta ƙulle shi a bakin zanenta, ta zauna a kan yashi ta miƙe ƙafa, kumfa na zuwa tana taɓa mata diddige. Ya zauna kusa da ita.

"Ashe yana da ƙara haka," ya ce.

Ta juyo za ta ba shi amsa, ta tarar ya kishingiɗa, hula ta faɗi gefe, baki a buɗe. Ba ta tashe shi ba. Ta warware gefen mayafinta ta kare masa rana, ta ci gaba da kallon tekun, tana haddace shi don mutanen gida.