Allin da Amna Ta Wanke

Ban taɓa mantawa da ranar Asabar ɗin da na buɗe ɗakin iska na tarar babu ko ɗigon alli a jikin anbuba ba. Shekarar korona ce, tsakiyar damina.

Ku da kuka kama aiki bayan ɓarkewar yaƙi, yawancinku ba ku san sunana ba sai "kai mai anbuba". Haruna ne. Farrash nake, wato mai shara da ɗauko wannan kai wancan, matakin da babu wani a ƙasansa a asibitin nan na Gadarif. Shekarata ashirin da ɗoriya a kai. Na yi makaranta zuwa aji shida aka cire ni aka kai ni yankan riɗi. Wanda muka zauna benci ɗaya da shi yanzu likita ne, in ya hango ni a baranda sai wayarsa ta yi masa daɗin kallo. To, ba labarinsa zan ba ku ba.

Anbuba ita ce tukunyar ƙarfen nan mai tsawon mutum da ake ɗura wa iskar numfashi. Cikakkiya da wadda ta ƙare kamarsu ɗaya, ido ba ya raba su. Agogon da ke nuna abin da ya rage a ciki ana ɗaura shi ne a bakinta a gefen gadon mara lafiya, kuma a lokacin guda huɗu muke da su, duk suna kan marasa lafiya. Ɗakin ajiyar kuwa tsohon banɗaki ne, babu wurin da za ka ware cikakku gefe. Don haka ni da abokin aikina Abakar muka yi namu tsarin. Cikakkiya mu zana mata zobe da alli a kafaɗa. In ta ƙare mu goge zoben mu ja layi biyu. Na roƙi fenti a ofis ban san sau nawa ba. Kullum amsar ɗaya ce: "Bukura, ya Haruna." Gobe. Har yau goben ba ta yi ba.

Da cutar ta yi tsanani aka buɗe azal, ɗakin da ake killace masu korona, inda ba a barin ɗan uwa ya shiga jinya. Ma'aikata da yawa suka samo uzuri suka zauna gida. Sai makarantar koyon jinya ta turo ɗalibanta na shekarar ƙarshe su cike gurbi. Amna na cikinsu. 'Yar garin Hawata ce, Bahaushiya irinmu, ubanta leburan gona. Ammu take ce mini, wato baffa. Siririya, kuma in ta yi magana ta cikin kamamar da ke rufe mata baki, sai ka matso kafin ka ji. Tsoron Sittu Su'ad, shugabar masu jinya, ya hana ta sakat. Sau biyu na gan ta a bayan bishiyar nim tana share hawaye, na yi kamar ban gani ba. Ba ruwana da ɗalibai. Su zo su wuce ka kamar tsintsiya, bayan shekara biyu su dawo suna aikenka sayen shayi.

A satin nan aikin da aka ba ta shi ne feshi. Ta goya tankin ruwan kalorin a baya, ta bi ƙofofi da gadaje da keken marasa lafiya tana fesawa tana gogewa. Ta riƙe aikin da gaske, don shi kaɗai ne ba a taɓa yi mata tsawa a kansa ba.

Ranar Juma'a hutuna ne. Da la'asar motar iska ta zo, Abakar ya karɓa. Cikakku uku kawai aka sauke mana, don ko'ina ana nema. Ya zana musu zobe ya tura su inda ya samu wuri. Asabar da sassafe aka aiko masa uwarsa ta rasu a garin Fau, ya hau mota, wayarsa kuma ba ta shiga. Ni ban ga inda ya ajiye su ba, ban kuma damu ba. Alli zai gaya mini.

Wajen ƙarfe sha ɗaya Sittu Su'ad ta zo bakin ɗakin da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Haruna! Gado na biyu, allurar agogo ta shiga ja. Maza."

Gado na biyu Malam Yaƙubu ne, dattijo, leburan gonar dawa daga Fau. Kwanansa huɗu a kan iska. Yadda aka buɗe masa ita, in allura ta shiga ja, abin da ya rage bai wuce minti goma sha biyar ba.

Na buɗe ƙofa. Warin kalorin ya doke ni. Anbuba ashirin da biyu a tsaye, suna ƙyalli kamar an shirya su biki. Babu zobe, babu layi.

In babu agogo, hanya ɗaya ce. Ka kwance hular ƙarfen da ke kan anbuba, ka sa makulli ka ɗan murɗa, ka saurari ƙarar iskar. Da damina hulunan nan tsatsa ke kama su, kowace sai ta ci maka minti biyu. Makullin ɗaya ne. Bayan haka tsakanin ɗakin da azal akwai taɓon Gadarif, kun san shi, baƙin nan da ke cire wa mutum takalmi. Keke ba ya tafiya a ciki, sai ka mirgina da hannu, minti biyar ke nan. Aji shida na yi, amma wannan lissafin bai fi ƙarfina ba.

Na kama ta farko. Fanko. Ta biyu ta yi ɗan huci ta mutu. Sittu na tsaye a kaina.

"Shekara ashirin kana nan, ba ka san kayanka ba?"

"Kayana na san su, Sittu. Wani ne ya yi musu wanka."

"Wa?"

Ɗalibai uku na tsaye a baranda. Na ɗaga kai na ga Amna, na ga hannun rigarta da kalorin ya ci ya koɗe, na ga idanunta a saman kamama. Na gane. Ban faɗa ba, kuma kada ku ce kirki ne. Sunanta ba zai cika mini anbuba ba, kuma bakin farrash a kan ɗaliba ba ya zuwa ko'ina. Ita ma na san lissafin da take yi. Takardar shaida ɗaya daga hannun Sittu ta isa ta maimaita shekara, ko a kore ta, ta koma Hawata ta gaya wa uban da ya yi shekaru yana sunkuye a gonar wani don ta yi karatu.

Ta uku fanko. Ta huɗu hular ta ƙi, na buga ta da makulli har fatar yatsana ta tashi. Fanko. Ɗan Malam Yaƙubu, magidanci da shi, yana riƙe da wayar shinge daga waje yana kira: "Baba Haruna, lafiya? Me ake gudu?"

Ina kan ta biyar na ji ƙaramar murya a bayana.

"Me kika ce?" in ji Sittu. "Buɗe baki, ya bit! Ke yarinya!"

"Ni ce." Wannan karon har na bakin shinge ya ji. "Ni na fesa su da safe, na goge da tsumma. Na ɗauka datti ne. Masu zobe uku ne, Ammu Haruna. Biyu a bayan ƙofa, ɗaya a ƙuryar taga. Na tuna, don zoben ya fi wuyar fita."

Na saki ta biyar na ja ƙofa. Na kwance hula, na murɗa makulli, iska ta yi tsawa har kunnena ya toshe. Ban taɓa jin ƙara mai daɗin wannan ba.

Na kwantar da ita na fara mirginawa, taɓo ya riƙe. Sai ga Amna ta tuɓe takalma ta watsar, ta sa hannu a ɗaya gefen. Muka tura, muka faɗi, muka tashi. Da muka shiga azal leɓen dattijon ya yi toka-toka, yana jan numfashi da kafaɗu. Na sauya agogon. Muka tsaya muna kallon ɗan abin da ake maƙala wa yatsa, lambarsa na hawa ɗaya bayan ɗaya. Malam Yaƙubu ya rayu. Bayan kwanaki ya fita da ƙafarsa, bai ma san abin da ya faru ba.

Da azahar Sittu ta kira mu ofis. Ni a bakin ƙofa, don taɓon jikina. Ta duba Amna ta ce ba za ta rubuta wa makaranta ba, tunda ta yi magana. "Amma kin bar azal sati biyu. Ki je ɗakin iska ki yi aiki ƙarƙashin Haruna, ko kya yi hankali."

Na ce, "Sittu, ita sati biyu. Ni da na yi shekara ashirin a can, wane laifi na yi?"

Ta ce in fita.

Na ɗauka za ta zo tana kumbure-kumbure. Da safe na same ta ta riga ni, da littafi da biro.

"Ammu Haruna, me ya sa jiya ba ka faɗi sunana ba?"

"Sunanki iska ne?"

Ta yi dariya, ran nan na fara jin dariyarta. Daga nan tambaya ta ɓalle. Yaya ake jin nauyin cikakkiya in an karkata ta? Me ya sa ba a taɓa bakin anbuba da hannu mai maiƙo? Wa ya koya maka? Ina faɗa tana rubutawa. Ni, Haruna, ana rubuta maganata a littafi. Da farko na zaci ba'a ce, na ce mata in wasa take ta tafi da littafinta. Ta ce, "Wallahi a makaranta ba a koya mana wannan ba, kuma shi ne ya kusa kashe mutum a hannuna."

Ita ma ta biya ni. Ta zana mini huhu a bayan kwali, ta nuna mini inda iskar da na yi shekaru ina mirginawa take shiga. Ta koya mini karanta lambar yatsa, wace ce ta kwanciyar hankali, wace ce ta gudu. In na gane abu da sauri sai ta ce, "Ammu, da an bar ka a makaranta da yanzu kai ke yi wa Sittu tsawa." In ce mata ta rufe mini baki. Amma in na koma gida maganar na bina. Da hantsi mu zauna bakin ɗakin mu ci ful, dafaffen waken nan, a kwano ɗaya, ɗalibai 'yan uwanta na wucewa suna ƙus-ƙus, ko a jikinta. Ita ce ta yayyaga tsohon koren ƙyallen ɗakin tiyata ta ce a riƙa ɗaura wa cikakkiya a wuya, fari ga wadda ta ƙare. Tsumman nan da kuke ɗaurawa kullum, daga nan ya fito.

Sati biyun nan, in za a tambaye ni, su ne aikina. Sauran duk mirgine-mirgine ne.

Da ta koma azal ba Amnar da ba ce. Na ji ta da kunnena tana ce wa wani sabon likita, a gaban kowa, iskar da ya buɗe wa wata tsohuwa ta yi kaɗan, ya sake dubawa. Ya duba, ya gyara. Ran da ta makara da allurar wani mara lafiya, ita ta je ta gaya wa Sittu kafin a tambaya. Sababbin ɗalibai kuwa, ɗakina take fara kawo su, ta ce, "Ku gaida malamina."

Ta gama karatu aka tura ta birnin Madani. Ta zo ta yi mini sallama. Kowace Salla sai ta kira, ta tambayi gwiwata, ta tambaya ko an kawo fentin. Sai yaƙi ya shiga Jazira, jihar da Madani take. Tun daga nan lambarta ba ta shiga. Na aika Hawata, aka ce uban ya rasu, gidan sun tashi, ba a san inda suka nufa ba. Yanzu asibitin nan cike yake da mutanen Khartoum da Jazira, duk wanda na tura a keke sai na tambaye shi. Wani ya ce ya ga mai kama da ita a Sinnar, wata ta ce Kasala, wani ya ce ai duk sun tsallaka Masar. Kowa da nasa.

Abin da na koya ke nan, ku riƙe ko ku zubar. A aikin nan kowa na kuskure, daga likita har ni. Kuskuren ba shi ke kashe mutum ba, shirun da ke biyo bayansa ne, minti goman nan da kowa ke kallon ƙasa yana lissafin kansa. Na ga manya da takardu sun yi wannan shirun har aka ja wa mutum mayafi. Na ga yarinyar da ko muryarta ba a ji ta fasa shi. Kuma kafin ku goge wani abu da hannun farrash ya yi, ku tambaye shi.

Saura roƙona ɗaya. In kuka karɓi wani daga Madani, ku tambaye shi ko ya san wata sista Amna 'yar Hawata, siririya, mai faɗa wa likita gaskiya. In ya ce ya santa, kada ku tsaya tambayarsa tana raye ko ba ta raye. Ku turo mini shi ɗakin iska, ni zan tambaya da kaina.