Cinyar Ragon Gwaggo

Ba'indiyen da ya yi haya a gidanmu na Gaya ta Nijar mutum ne mai ƙorafi, Allah ya sani. Gyaran injin ban ruwa ya kawo shi, irin waɗanda manoman shinkafa ke kafawa a bakin gulbi wajen Tunuga, kuma aikin ya iya shi, wannan ba zan hana masa ba. Amma da yamma in ya dawo ya watsa ruwa, sai ya jawo kujera kusa da tabarmata a ƙofar gida, ya fara zuba da guntun Faransancinsa da Hausarsa ta kasuwa.

Wai garinmu ya cika zafi. Na ce, "Kai jama'a! Ba ƙasarku ba ce muke gani a tele mutane na faɗuwa saboda rana?" Ya ce ai nasu zafin daban ne. Wai kuran, wato wutar lantarki, na ɗaukewa yana tsakiyar magana da matarsa a waya. Wai 'yan kabu-kabu na binsa da waƙar fim suna so ya taka musu rawa, alhali mutumin nan ko tafi bai iya ba, ga tumbi ga sanƙo. Abin da ya fi ci masa rai kuwa gaisuwa ce.

"Ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina yara, ina zafi," yana lissafawa da yatsu. "Yarana suna Indiya. Gidan naka ne. Zafi kuma tare muke cikinsa. Me zan ce?"

Na ce, "Ka ce lafiya lau, ka huta."

Akwai abin da yake so, kada in zalunce shi. Mangwaron Gaya sai ya sha har ya ɓata riga. Yana mutuwar son kopto, zogalen nan da ake kwaɗawa da ƙuli. Ya taɓa ce mini kuma, a nan ne kawai ake miƙa masa ruwa ba tare da an fara tambayar ɗan wane gida ne shi ba. Amma nama, ina! Ba nama, ba kifi, ba ƙwai, a garin da ke bakin gulbi. Unguwa ta rabu biyu a kansa: wasu suka ce gyambon ciki ne, wasu suka ce tsabar rowa ce.

Gidan namu kuwa a hannun Gwaggo yake, yayar mahaifina. Tun da ya rasu ita ce mai cewa a yi, ita ce mai cewa a bari. Ni da furfurata har yanzu in ta kira ni sai gabana ya faɗi.

Ana nan Sallar Layya ta zo. A wurinmu ba a rabon nama ranar yanka. Ana feɗe rago a gicciye shi a kan sanduna, a jera su kewaye da wuta a bakin titi, su yini suna gasuwa. Ba'indiye ya leƙo ya ga layin raguna tun daga ƙofarmu har bakin kwalta, ya koma ya rufe taga ya kunna turare. Bai ƙara fitowa ba.

Washegari aka shiga rabo. Gwaggo ba ta aiki kowa ba. Ita da kanta ta ɗauki cinya guda ta ragonta a faranti, ta dogara sanda har ƙofarsa, don baƙo ne kuma ba shi da kowa. Ni kaina ban taɓa samun cinya daga hannunta ba. Ya buɗe ƙofa, ya ja da baya, ya toshe hanci da hannu.

"A'a, Mama. A'a, na gode."

Ta tsaya tana kallonsa, ta juya. Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Sai ga shi ya fito da bokiti da sabulu yana wanke dokin ƙofa, daidai inda ta tsaya, kuma matan gidan duka suna gani. Daga baya ya ce mini maiƙo ne ya ɗiga, wurin kuwa nan yake addu'arsa ta safe. Wa zai saurari wannan? Gwaggo cewa ta yi an wanke sawunta kamar na kare.

Hukunci biyu ta yanke. In damina ta wuce ya kwashe komatsansa ya bar mata gida. Kafin nan kuma kada wanda ya ƙara gaishe shi. Maganar ta zaga unguwa, har mai shayi da mai faci suka ɗauka. Mutumin da ya dame ni da kukan gaisuwa ya samu abin da yake so: ya fito shiru, ya dawo shiru. Na ce masa, "To barka, an rage maka aiki." Bai yi dariya ba. Sai na ga yana rage tafiya in ya zo wajen majalisar dattawa, yana ɗan tari ko wani zai ɗago kai. Ya rame. Mangwaro ma ya daina saya.

Rannan ya same ni. "Ɗan'uwa, ba na son barin gidan nan. Me zan yi?"

Na ce, "Abincinta ka ƙi, abincinta za ka ci. Ban ga wata hanya ba."

Ya ce shi tun da aka haife shi nama bai taɓa shiga bakinsa ba, haka ubansa, haka kakansa. Na ce to sai ya fara neman kwali na ɗaure kaya.

Kwana kaɗan bayan haka, da hantsi, ya yi sallama a tsakar gida. Ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa gaban Gwaggo, ya jero gaisuwar nan kaf, har da ina zafi. Ta amsa guda ɗaya, a taƙaice. Sannan ta sa aka ɗauko kwanon soyayyen naman layya da take ɓoyewa cikin kitse, ta buɗe, ta tura masa da bakin sandarta. Mata suka bar daka suka zagayo, kowa na son ganin yadda Ba'indiye zai ci rago. Ni ma ina cikinsu, har da gyara tsayuwa.

Ya sa hannu ya ɗauki tsoka ɗaya. Ya kai ta kusa da baki ya tsaya, ya rufe ido, sai hawaye. Ba kukan fim ba, na babban mutum, marar sauti. Wallahi dariyar da na tanada ta maƙale mini, tausayinsa ya kama ni.

Gwaggo ta ce, "Kai ɗan nan, uwarka tana da rai?"

"Tana nan, Mama."

"Ta san abin da za ka sa a bakinka?"

Ya girgiza kai. Ya ce ranar da zai taso ta ɗora hannu a kansa, ta sa ya yi mata alkawari ko ina ya je ba zai ci ba.

Sandar nan ban san lokacin da ta tashi ba, sai dai na ga tsokar a ƙasa, kaji sun yi kanta.

"Ajiye! So kake ka ɗora mini alhakin uwa? Me ya hana ka faɗa tun farko, sai wanke-wanke?" Ta juyo kaina. "Kai kuma, shashasha, kai ka ba shi wannan shawarar ko? Da gemunka!"

Na ce, "Gwaggo, ai ke ce..."

"Rufe mini baki."

Ta mai da ido kan kwanon. Da ta sake magana muryarta ta sauka.

"Autana yana Libiya, ya daɗe. In ya kira sai ya ce lafiya lau. Ban san me ake tura masa a gaba a ce sai ya ci ba."

Ta goge ido da bakin mayafi, ta daka wa matan tsawa su koma bakin aikinsu. Sannan ta nuna ni da sanda.

"Tashi ka je kasuwa ka sayo mini tukunya sabuwa, wadda nama bai taɓa shiga ba. Ka yi sauri, yaron nan bai karya ba."