Shingen Kawu

Mu biyar a ofishinmu na Kazaure muka haɗa kuɗi don noman diragon, ɗan itacen nan mai jan ɓawo da ke tsada a birni. Ni na tsaya wa kawuna na Roni, na ce ba wanda ya fi shi sanin gona. Muka aika masa rassan dashe.

Da muka je dubawa, sai muka tarar ya jera su a gefen gonar, ya shuka gero a tsakiya.

Na ce, "Kawu, ina diragon ɗinmu?"

Ya ce, "Wannan ƙeranar? Ga ta can, tana hana awaki shiga."

Abokan aikina suka zuba mini ido. Ban sami sakewa a ofis ba sai da kaka, da kowa ya karɓi daminsa na gero.