Yaya Shu'aibu da Ɗakin Feshi

Da wannan damina shekara ashirin ke nan da aka kai Yaya Shu'aibu makwancinsa, a maƙabartar ƙauyenmu da ke kusa da garin Hajj Abdalla. Ni ce ƙanwarsa Balki, autar Innarmu, kuma ni kaɗai na rage a ɗakinmu. Yawancin masu karanta wannan shafi ba su san shi ba, ba kuwa abin mamaki ba ne. Kafinta ne, najjar kamar yadda ake ce musu a nan. Bai yi sarauta ba, bai tara dukiya ba. Amma akwai wani abu da ya yi a shekarar aurena wanda har gobe idan na tuna sai in ji kaina ya ɗaukaka, shi nake so in rubuta tun ina da sauran ƙarfi.

Babanmu manomin auduga ne, yana da hawasharsa, wato gonar da aka yanka masa a bakin ruwan ban-ruwa. Yaya kuwa tun tasowarsa hannunsa na kan itace. Shi da amininsa Haruna, mutumin Mai Wurno, suka buɗe warsha, wato shagon kafinta, a gefen kasuwa suna yin gadaje da ƙofofi da akwatunan amare. A shekarun da ake ginin dam a Damazin abin hannu ya ɗan wadata, idon mutane ya buɗe, kowace amarya sai ta ce dolab take so, wato kabad ɗin tufafi, irin mai madubi, mai fenti yana ƙyalli kamar jikin mota. Irin wannan ƙyalli buroshi ba ya ba da shi. Haruna ya tafi Madani ya dawo da injin feshi: ɗan inji mai matsa iska, wanda a nan muke kira babur, da bindigar da ke fesa fentin bayan an tsinka shi da wani ruwa mai ƙarfin wari da ake kira tinar.

Duk wanda ya zauna a yankin nan namu na Jazira ya san ƙurarmu. Ɗanyen fenti kuwa da ƙura ta sauka a kansa aiki ya ɓaci. Saboda haka suka ware ɗakin baya, suka toshe tagarsa da buhuna, mai feshi ya shiga ya saka sakata ta ciki don kada wani ya buɗe masa. Haka kowa yake yi har a Madani. In an fito a sha madara, wai tana wanke ƙirji. Yaya kan dawo gida da ciwon kai, Inna ta ajiye masa tuwo ya ce ba ya jin ɗanɗanonsa. Muka ɗauka gajiya ce.

An sa bikina bayan tsinkar auduga. Yaya ya yi mini alkawarin dolab mai ƙofa uku, kore, irin wanda na taɓa gani a Madani na kasa ɗauke ido. Ana saura 'yan kwanaki biki na kai musu abincin hantsi. Na tarar da Yaya a waje yana goge katako, babur yana ta ƙara, Haruna yana ciki yana fesa dolab ɗina. Yaya ya ƙwala masa kira ya fito a ci abinci. Shiru. Ya sake kira, ya buga ƙofa, shiru. Ban taɓa ganin fuskar Yaya ta canza irin ta ranar ba. Ya ɗauki wani ƙarfe ya ɓalle ƙofar. Warin da ya fito sai da ya mayar da ni baya. Haruna yana kwance a gindin dolab, bindigar feshin tana hannunsa, leɓɓansa sun yi duhu.

A keken jaki aka kai shi ɗakin shan magani. Ma'aikacin lafiyar da ya duba shi ya ce ba aljanu ba ne, ba farfaɗiya ba ce, abin da yake shaƙa ne, kuma da an ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. Haruna ya farfaɗo, amma ya daɗe yana tari.

Da la'asar Yaya ya shigo gida ya zauna a bakin gadon Inna, ya sa aka kira ni.

"Balki," ya ce, "ba ni ƙara fesa komi cikin wanga ɗaki, kuma ba wanda za ya fesa, sai na san yadda iska za ta shiga ta fita."

Inna ta ce, "To dolab ɗin yarinya fa? Ƙofa guda anka fesa. Haka za a kai ta gidan mutane?"

"Ina iya shafe shi da buroshi, Inna, gobe ma ya bushe. Amma ba shi na yi mata alkawari ba." Ya juyo gare ni. "Ke za ki zaɓa. Ko in shafe miki, ko ki tafi da shi haka, ran da ɗaki ya gyaru in zo in ɗauka da kaina."

Inna ta ce ya daure ya ƙarasa wannan guda ɗaya tak, daga nan ya rufe. Ya ce Haruna ma guda ɗaya tak ya shiga fesawa. Ni da na ga abin da na gani da hantsi, na ce zan jira.

Haka aka ɗora dolab a lori aka ratsa gari da shi, ƙofa ɗaya kore shar, biyu farin katako. An yi dariya, ba zan ɓoye ba. Wata gwaggon mijina ta tsaya a gabansa ta ce ashe ƙanwar najjar ce za a kawo da rabin aiki. Amarya ba ta magana, amma na ɗaga mayafi na ce mata, "Gwaggo, ƙofa gudan nan da kike gani, saura kaɗan a biya ta da ran mutum."

Lokacin ne kuwa kakar aikin kafintoci, bukukuwa a jere. Masu jiran kaya suka gaji, wasu suka kwashe aikinsu suka kai Madani. Yaya bai waiwaya ba. Ya fasa bangon ɗakin ta baya, ya samo fankar gaban lori a wurin makanikai ya kafa a ramin, ya haɗa ta da babur da bel, tana zuƙe iskar ɗakin tana fitarwa. Ya yi murna ƙwarai, har ya aika a kira mijina ya gani.

Murnar ba ta daɗe ba. Mai duba lafiya na majalisa ya zo zagayen sabunta izinin sana'a, ya shiga ɗakin ya duba, ya ce ba zai sa hannu ba. Babur yana cikin ɗaki, in ji shi, kuma tururin tinar da tartsatsi ɗaya yake kamawa. An tsere wa shaƙewa an nufi gobara. Sannan ya ja Yaya suka zagaya baya, ya nuna masa inda fankar take hurawa: kai tsaye tsakar gidan Hajja Ige, maƙwabciyarsu, wadda take wuni a gaban wuta tana gasa siririyar wainar dawa ta sayarwa da ake kira kisra, jikokinta na wasa a gefe.

Yaya mutum ne mai zuciya, ba ya son a gyara masa aiki. Ranar ya zo gidana yana huci, ya ce ta yaya mutumin da bai taɓa riƙe zarto ba zai koya masa aiki. Na ba shi shayi ya sha. Da zai tashi ya ce, "Wallahi gaskiya tai. Ban duba bayan bango ba." Da safe ya tafi ya ba Hajja Ige haƙuri, ya wuce ofishin mai duba lafiyar ya ce ya zo ya nuna masa yadda ake so. Cikin duk abin da Yaya ya yi, wannan tafiya ita ce ta fi burge ni, don na san abin da ta ci masa.

Aka fitar da babur waje aka yi masa rumfa, bel ɗin kaɗai ke ratsa bango. Aka gina bututu na kwano ya ɗauki iskar ya kai ta sama da rufin unguwa. Aka juya ƙofa tana buɗewa waje, aka cire sakatar ciki aka jefar. Saura ƙura, don iskar da fanka ta fitar dole wata ta shigo. Haruna ne ya warware wannan, yana zaune a kan benci bai gama warkewa ba. Ya ce a buɗe babbar taga a ɗaya bangon, a shimfiɗa auduga siririya tsakanin ragar waya biyu. Iska ta wuce, ƙura ta maƙale. In audugar ta yi baƙi a sauya. Ita kuwa ba ta yanke mana. Mai shayin da ke bakin warsha aka roƙe shi ya matsar da garwashinsa can gaba, aka ajiye bokitan yashi, tsummokaran tinar kuma aka riƙa zuba su a gwangwani mai murfi a waje. Mai duba lafiya ya dawo ya sa hannu, ya zauna ya sha shayi da su.

Abu na farko da aka fesa a sabon ɗakin dolab ɗina ne. Yaya ya zo da kansa ya ɗauka kamar yadda ya faɗa, lokacin ina da cikin fari. Da aka dawo da shi har gwaggon nan ta zo ta shafa.

'Yan kasuwa suka sa wa wurin suna warsha mai hanci, saboda bututun. Da zolaya aka fara, daga baya kafintoci suka riƙa zuwa daga Madani da Damazin su auna taga, su leƙa bututu. Yaya bai taɓa ɓoye wa kowa ba, wani lokaci ma ya bar aikinsa ya bi mutum ya kafa masa. Yana da tsanani kuwa. Ba a feshi sai da mutum na biyu tsaye a waje. Ya taɓa kama ƙanen matarsa, gwanin feshi, da taba a bakin ɗakin, ya sallame shi a ranar, rigimar ta daɗe a cikin gida, bai sauya magana ba.

Kwanan baya ina cikin raksha, keken hayan nan mai ƙafa uku, a Madani muka bi ta layin kafintoci. Kayan aikinsu na yau Yaya ko a mafarki bai gani ba, komai da lantarki, kuma na san da zai tsaya ya yi ta sha'awa. Na ga shaguna masu fanka da bututu, raina ya yi fari. Na kuma ga wani magidanci ya fito daga shagon kwano a rufe ruf, tsumma a hanci, idanu jajur, warin nan da na sani ya biyo shi har titi. Da Yaya ne a raksha ɗin da ya sa an tsaya. Ba wa'azi zai yi ba, ba ya iyawa. Zagayawa zai yi bayan shagon ya ƙwanƙwasa bango ya ce a nan za a fasa. Ina jin abin da zai fi ba shi haushi shi ne yanzu fankar ma ba sai an ciro ta daga lori ba, tana nan a kasuwa.

Warshar ba ta nan yau, an rushe an yi shaguna. 'Ya'yansa babu wanda ya gaji sana'ar. In aka tambaye ni abin da ya bari, sai in ce a zo gidansa ranar da muke yi masa sadaka. Bana ma mun yi. Waɗanda suka yi aiki a hannunsa suka zo, kowa da furfura, wasu da sanda, suka cika tabarma a ƙofar gida. Haruna ne a tsakiya, haƙora sun zube, amma muryarsa ta fi ta kowa. Bayan addu'a suka ɓarke da gardama a kan wanda ya fi iya riƙe bindigar feshi, suna ta ɗaga murya suna dariya har da riƙe ciki. Matar Yaya ta ce in aika a ce su sassauta, gidan sadaka ne. Na ce mata a bar su. Na jawo kujerata kusa da zana, na zauna ina sauraron tsofaffin nan, ko ɗaya numfashinsa bai sarƙe ba.

Allah Ya jiƙan Yaya Shu'aibu, Ya yalwata masa makwanci, Ya sanyaya shi.