Tasi'u Mai Hoto da Shinkafar da Ta Nuna Ita Kaɗai

Duk wanda ya san Tasi'u mai hoto a Haɗeja ya san ba a samunsa a shago. Shagon yana nan, ƙofa a buɗe, ga kujera ga madubi ga mataji, amma mai shi sai dai a ce maka ya ɗan taka. Ɗan takawar nan kuwa tana iya kai shi har Baturiya, dausayin tsuntsayen nan da ke can nesa da gari. Dogo ne siriri mai ƙafar yawo. Idan ya rataya kyamara a wuya ya hau jinga, tudun ƙasar nan da aka jera don tare ambaliya, ba ya waiwaye sai rana ta yi ja. Hoton amare da na fasfo su ke ciyar da shi, amma zuciyarsa tana wajen abin da ba mai biyan sa ko sisi: masunta a cikin hazon safiya, shanu suna ƙetare ruwa kawunansu kaɗai a waje, goruba ita kaɗai a tsakiyar fadama.

Mutanen garinmu kuwa Allah ya yi su da baki. "Tasi'u, yau kuma wace ciyawar ce ta yi aure?" Haka suke tare shi. Shi dai dariya yake yi ya wuce.

Abu ɗaya ne yake cin ransa. Ƙasarmu shimfiɗe take kamar faifai. Duk inda ya tsaya ya ɗaga kyamara, abin da zai samu ke nan: sama a sama, ƙasa a ƙasa, layi ɗaya a tsakani. Tun da aka haife shi bai taɓa hawa abin da ya fi tankin ruwan unguwarsu tsawo ba, shi ma ɗin sai da mai gadi ya koro shi. Yakan ce shi dai kafin ya mutu yana so ya tsaya a wani wuri ya leƙa duniya daga sama, ko sau ɗaya ne.

Wanda ya ƙara hura masa wutar nan shi ne Fatihu, abokinsa tun suna firamare. Karatu ya kai Fatihu ƙasar Fotugal, daga nan ya samu aikin yi wa masu yawon buɗe ido jagora a wani tsibiri nasu da ake kira Madeira. Kusan duk Juma'a sai ya turo hoto ta waya. Duwatsu ne kore shar, sun fito daga cikin teku sun miƙe tsaye. Gonakin ayaba a jikin gangare, hawa-hawa kamar matakala. Abin da ya fi tsaya wa Tasi'u a rai shi ne hanyoyin ruwa da mutanen can suka sassaƙa a jikin dutse don ban-ruwa, da 'yar siririyar hanyar ƙafa a gefensu, mutum ya wuni yana bin ruwa, rami a hagunsa. "Ashe su ma 'yan noman rani ne," in ji shi, "sai dai tasu fadamar a tsaye take." Shi kuma sai ya rama da hoton tsuntsayen Baturiya.

Ana nan sai yayansa Inuwa ya kwanta ciwo, kuma bai tashi ba. Ya bar matarsa Kulu da yara, da gonar shinkafa ɗaya a fadamar ƙauyensu, wadda ita ce cinsu, ita ce suturarsu. Kafin ya cika ya kama hannun Tasi'u ya ba shi amana biyu: ya riƙe gonar, kada kuma a cire yaro ko ɗaya daga makaranta saboda ita. Tasi'u ya ce ya ɗauka. Ya riƙe ɗin kuwa, don ba rago ba ne, ko da yake noma bai taɓa shiga jininsa ba. Yawon ya ragu, shagon ya ƙara zama kango.

Bayan 'yan shekaru Fatihu ya kira shi da wata murya daban. Aikinsa a tsibirin zai ƙare, wannan ce shekararsa ta ƙarshe a can. Ya nemi hutu a watan Afrilu, ya kuma yi wa Tasi'u takardar gayyata da tikiti.

"Mutumina, ka zo mu taka duwatsun nan tare kafin in bar su. Kai dai ka zo da ƙafarka da kyamararka."

Tasi'u ya yi ta zirga-zirgar Abuja har biza ta fito, 'yar gajera, daidai da hutun Fatihu. Ranar da ya dawo da fasfo a aljihu, ko abinci bai iya ci ba don murna. Sai daga baya ya zauna ya tuna shinkafa.

Ga yadda noman rani yake a fadamarmu. Ana jira sanyi ya sassauta, sannan kowa ya yi dashe kusan lokaci guda, daga wannan bakin kogi zuwa wancan. Ba wata doka ce a rubuce ba, kuma ba don son juna ba ne. Saboda jan-baki ne, 'yan tsuntsayen nan da ba su kai ɗan yatsa biyu ba, masu kwana a cikin kacalla, doguwar ciyawar da ta toshe mana hanyoyin ruwa. Dubbai suke tasowa. Idan shinkafar kowa ta fitar da kai tare, sai su rarrabu, kowa ya yi asara kaɗan, kowace gona kuma da mai ihu a kanta. A wannan lissafin, watan Afrilu lokacin ban-ruwa ne da cire ciyawa, ba lokacin da mai riƙon gonar marayu zai sa ƙafa ya bar gari ba.

Sai Tasi'u ya yi dabara irin ta mutumin da ransa ya riga ya hau jirgi. Zai riga kowa. Zai yi dashe tun cikin sanyi, ya girbe, ya kai wa Kulu buhunanta har ɗaki, sannan ya tafi da hankali kwance.

Baba Auta, maƙwabcin gonarsu, ya same shi yana jan injin ban-ruwa alhali duk fadamar ba kowa. Ya tsaya ya daɗe yana kallonsa.

"Ɗan nan, wa ya aike ka?"

"Baba, so nake in gama da wuri."

"Da wuri. To, ka shirya tuwo da yawa, don baƙi za ka yi. Duk jan-bakin ƙasar nan kai kaɗai za su sauka wa."

"Kafin su ankara na girbe, Baba."

Tsohon ya karkaɗe rigarsa ya tafi yana cewa Allah ya kyauta.

Sanyi ya yi abin da ya saba. Shinkafar ta zauna a ƙasa, ta yi rawaya, ta ƙi motsi, Tasi'u yana zagaya ta yana lallashi da taki. Ba ta miƙe ba sai da zafi ya shigo. Ta makara ga lissafinsa, amma ta riga ta kowa nesa ba kusa ba. A farkon Afrilu, lokacin da ya ɗauka zai kasance yana ɗinke bakin buhu, a lokacin ta fitar da kai, ƙwayarta ruwa-ruwa kamar nono, daidai yadda jan-baki suke son ta. Ka tsaya kan jinga ka duba, fadama kore ce iya ganinka, sai gona ɗaya tak da ta fara fari a tsakiya.

Suka zo kuwa.

Tasi'u ya kafa dirkoki huɗu a tsakiyar gonar, ya ɗaura gadon itace a kansu, ya ja igiyoyi zuwa kowace kusurwa, ya rataya musu gwangwanaye da tsakuwa a ciki da tsummokaran leda. Kafin rana ta fito yana bisa. Ya ja igiya, ya yi ihu, ya wurga hoge da majajjawa. Su tashi daga gabas su sauka yamma. Ya juya yamma, su koma gabas. Mutumin da ya saba wuni yana tafe, ga shi a wurin da bai fi tabarmar sallah faɗi ba, ruwa da taɓo ta ko'ina, rana tana dukan tsakar kansa. Ko sallah da ido ɗaya a kan gona yake yin ta. Wani lokaci ƙafafunsa su riƙa takawa su kaɗai a kan gadon, hagu dama, hagu dama, ba inda za su. Abin tausayi ne, kuma gaskiya ya ba ni haushi, don shi ya ɗaure kansa da hannunsa.

Ya nemi 'yan ƙwadago. Masu ƙarfin duk suna gonakin ban-ruwa da cirar ciyawa. Biyun da ya samu, ya tarar da su a inuwar giginya suna shan rake, tsuntsaye suna biki. Yaran Inuwa sukan zo Asabar da Lahadi. Litinin da safe babbar cikinsu ta ce ita ba za ta je makaranta ba sai an girbe, ya daka mata tsawar da bai taɓa yi mata ba, ya sa ta a gaba har bakin aji.

Ranar tafiya tana matsowa, shinkafar kuwa da sauranta. Fatihu ya bincika, tikitin ba ya ɗaguwa, hutunsa ma haka, bizar kuma ba ta jira.

Kulu ce ta same shi da rana tsaka, ta kawo masa fura. Ta tsaya a kan kunya, ta ɗaga kai.

"Baffan yara, sauko ka sha. Na ji komai. Ka tafi abinka, ni zan hau."

"Haba Yaya Kulu, ke da ciwon gwiwa?"

"Da gwiwa ake ihu? Tun da yayanka ya rasu ba ka huta ba. Kada a ce mu muka tare maka hanya."

Ransa yana so, don haka ya yarda a gwada. Washegari ya taimaka mata ta hau, ya nuna mata igiyoyin, shi kuma ya shiga gari ya karɓo takalmin hawan dutse da ya sa aka kawo masa daga Kano. A shago ya gwada shi, ya taka daga bango zuwa bango yana murmushi shi kaɗai. Ya ɗauki kyamararsa da ya kwana biyu bai taɓa ba, ya kamo hanyar gona bayan la'asar.

Daga kan jinga ya hango jan-bakin. Bai taɓa ganin taro irin wannan ba. Sun taso daga kacalla kamar hayaƙin gobara, suna naɗewa suna warwarewa, hasken yamma yana ratsa su. A ƙarƙashinsu ga Kulu 'yar mitsitsiya a kan gado, hannuwa biyu a sama. Kafin ya yi tunani hannunsa ya riga ya ɗaga kyamara. Ya ɗauka, ya gyara tsayuwa, ya sake ɗauka. A ransa ya san bai taɓa yin hoto kamar wannan ba. Sai da ya sauke kyamarar ya lura cewa bakin Kulu a buɗe yake amma ba sautin da ke isowa. Muryarta ta ƙare tun da rana.

Ya zuba a guje, yana faɗuwa cikin taɓo yana tashi. Kusurwar gabas ta riga ta tafi. Zangarniyar tana tsaye, amma ka murza ta a hannu sai ƙaiƙayi. Ya sauko da Kulu, tafin hannunta duk igiya ta yanka.

"Na yi iya yina," ta ce, da wata 'yar murya kamar ta mai mura. "Gobe zan fi haka. Kai dai ka tafi. Abin da Allah ya rubuta yaran nan za su ci, tsuntsu ba ya cinye shi."

Kunya ce ta rufe shi, ta hoton da ke cikin kyamararsa. Ya kuma yi lissafin da kowane ɗan fadama zai yi: wuni ɗaya kusurwa guda, to ina ga mako biyu? Ya raka ta gida, ya tura takalmin ƙarƙashin gado da ledarsa, ya kira Fatihu ya gaya masa ba zai zo ba. Fatihu ya yi ta faɗa.

Ranar da jirgin ya tashi daga Abuja, Tasi'u yana kan dirkokinsa huɗu. Ba wanda ya yi masa maganar, har Baba Auta, wanda ya zo ya zauna a kunyar gabas da gwangwaninsa yana kaɗawa, bai ce na gaya maka ba.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, tsuntsayen sun ɗan lafa, sai wayarsa ta yi ƙara. Fatihu ne, kiran bidiyo. Yana haki, iska tana kaɗa masa riga.

"Mutumina, na hau ni kaɗai. Nan ne na so in kawo ka. Duba."

Ya juya wayar. Tasi'u ya kare ta da tafin hannu saboda rana, ya kanne ido. Da farko bai gane abin da yake gani ba. Kan dutse ne baƙi, da 'yar hanya tana bin doronsa. Ƙasa da takalmin Fatihu kuwa, can ƙasa sosai, gajimare ne fari a shimfiɗe, kawunan wasu duwatsun sun huda shi sun fito. Gajimare a ƙarƙashin ƙafar mutum.

"Fatihu, tsaya haka. Kada ka motsa. Don Allah ɗan riƙe mini shi haka."

"Na riƙe. Kalli abinka, ba sauri nake ba."

A daidai nan ya ji su, wannan shuuu ɗin da ke tasowa daga kacalla. Bai ɗaga kai ba. Ya ƙara kusantar da wayar ga idonsa. Shuuu ɗin ya matso, ya ji gwangwanin Baba Auta ya fara ƙara, tsohon yana kiran sunansa. Igiyoyin kuwa hannu biyu suke so.

Ya kifa wayar a kan gadon, muryar Fatihu tana fitowa daga ƙarƙashinta tana tambaya ko yana gani. Ya damƙi igiyoyin ya fizga, ya buɗe baki ya kurma ihu. Tsuntsayen suka tashi, suka karkata, suka bar gonar gaba ɗaya suka nufi kogi. Shi bai daina ba. Ya yi ta yi, sama ba ko tsuntsu ɗaya, har Baba Auta ya ajiye gwangwaninsa ya sunkuyar da kai.