Na Raina Ruwan Hamada

A shekarun korona ni mai ɗaukar hoton ƙashi ne a wani asibiti a Doha, ɗan Filato, mai baki, mai ganin na fi kowa sani. A gidan hayarmu na unguwar Fereej Abdel Aziz ɗakina na kallon na wani direba ɗan Zangon Kumasi. Ni Kirista, shi Musulmi, amma da cutar ta kwantar da ni shi ya riƙa ajiye mini koko a bakin ƙofa har na miƙe. Yana tsokanata da Likita, ina ce masa Alhaji. Tuƙi ne sana'arsa, da ƙafafunsa yake ciyar da uwarsa da 'ya'ya uku. Ni na raba shi da ƙafafun nan, shi ya sa na rubuto muku.

Da aka gama gasar cin kofin duniya muka samu hutu. A ƙauyenmu a gindin matattun duwatsu masu aman wuta muke noman dankali, na kuwa ji akwai wani irin dutsen can yammacin Saudiyya mai ƙaton baki. Na ƙwallafa rai sai na leƙa cikinsa. Alhaji ya ce mu bari lokacin ruwa ya wuce. Na yi dariya har da buga cinya. Wane ruwa? Ni da na girma cikin ruwan Agusta, wanda ake kwana uku ana sheƙawa, zan ji tsoron yayyafin Larabawa? Haka na matsa masa har ya aro motar wani ɗan garinsu.

A rana ta biyu muka sauka daga kwalta, ana ɗan yayyafi, ga baƙin dutsen muna hangowa. Wani tsoho mai kiwon raƙuma ya tare mu yana nuna hadari can kan tsaunuka, yana yi mana alamar mu koma. Na ɗaga masa hannu kawai. Muka iso wani kwari mai faɗi, ruwan cikinsa bai kai idon sawu ba. Alhaji ya taka birki, ya ce wallahi zuciyarsa ba ta kwanta ba, tsohon nan ya fi mu sanin ƙasarsa. Na ce masa haba Alhaji, ko akuyar gidanmu za ta tsallake wannan, yalla, mu je. Abin da ya fi ci mini rai, sauka na yi na haye tudu da waya, wai zan ɗauke shi bidiyo yana ƙetarewa. A tsakiya taya ta nutse cikin yashi. Sai ƙara. Jan ruwa ya taho da duwatsu da itace, ya kifar da motar, ya yi ta mirgina ta ina tsaye ina ihu. Ashe a hamada ruwa kan sauka nesa, ya iske ka inda sama ba ta nuna komai ba.

Tsohon nan da mutanensa ne suka taya ni zaro shi. A asibiti da na ga hoton ƙashin bayansa ban jira likita ya yi magana ba, aikina ne. Daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai. Kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauke shi aiki, ya yi haƙurin da zai iya, daga bisani ya ce khalas, wato shi ke nan, aka maida shi gida a keken guragu.

Har yau ban samu sauƙi ba, ba na kuma zaton zan samu. Alhaji bai gaya wa kowa ni ne sila ba, cewa ya yi shi ya nace. Duk Juma'a uwarsa takan turo mini saƙon murya, tana ce mini ɗana, tana sa mini albarka don na ceto mata yaro. Nakan saurara har ƙarshe, in kife wayar.

'Yan'uwana baƙi a ƙasar mutane, abin da kuka sani a gida, na gida ne. In ɗan ƙasa ya ce ku koma, ku koma. In kuma mai riƙe da sitiyari ya ce zuciyarsa ba ta kwanta ba, ku kama bakinku, don ba lallai mai bakin ne zai kwanta a gado ba.